Sawunmu Ya Shigo Garinku

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Tasawa ko Mayahi ya san yadda gari ke wayewa ranar da aka kwana da ɓarawon dabba. Maigida ya fito alwalar asuba, ya leƙa turke, sai guntuwar igiya. Kafin a sallame salla labari ya cika masallaci, kuma abin da dattawa ke fara cewa shi ne kada kowa ya saki bisashensa, kada yara su yi ta zirga-zirga a bayan danga. In awaki suka fita kiwo, shi ke nan an tattake shaida. Sai a kira wanda Allah ya ba ido, don ba kowa ke iya karanta ƙasa ba. Ya duƙa ya duba, ya ce mutum biyu ne, ɗaya da takalmin roba da ya cinye ta gefen dunduniya, ɗayan ƙafarsa ba takalmi. Saniyar kuma janta ake yi, ga inda ta turje. Ya nemi sawu ɗaya da ya fito raɗau ya kifa masa ƙwarya, don in an kama mutum a zo a gwada.

Rairayin ƙasarmu yana da riƙon amana, sai dai ba ya daɗewa da ita. Hantsi ya ɗaga, iska ta taso, kafin azahar sawu ya fara dishewa. Ɓarawo ma ya san haka, shi ya sa yake neman fako, ko ya kora dabbar cikin burtali inda kofato ɗari zai bi ta kan nata. Masu bi sai su rarrabu, har wani ya ƙwala kira cewa ga shi nan ya ɓullo. Inda maganar ke da daɗi shi ne in sawu ya shiga wani gari. Ba a afka wa gidajen mutane da bincike. Ƙofar maigari ake zuwa, a yi sallama, a gaisa har a tambayi iyali, sa'an nan babba cikin masu bi ya ce, "Ranka ya daɗe, sawunmu ya shigo garinku, muna roƙo a fitar mana da shi." Maigari ya tashi mutanensa a kewaye gari tare. In sawu ya fita ta wancan gefe, an wanke su, a yi godiya a wuce. In bai fita ba, to magana ta zauna a nan: ko dai ɓarawon ɗan gari ne, ko yana da masauki.

Akwai kuma abin da dattawa ke fama da samari a kansa duk ranar da aka cim ma ɓarawo. Rai ya ɓaci, sanduna sun tashi, sai ka ji tsoho yana haɗa su da Allah kada su kashe shi. Ba tausayi kaɗai ke sa shi ba. Gawa ba ta faɗin mahaucin da ke saye da dare, ba ta faɗin dillalin da ke shigar da dabbar kara, ba ta nuna inda aka ɗaure sauran. In ɓarawo ya mutu a daji, mai saniya ya huce haushin yini ɗaya, abokan cin mushe kuwa sun kwana lafiya. Aiki bai cika ba sai an gurfanar da mutum gaban sarki ko alƙali, mai kaya ya miƙe ya ce tawa ce, ga tsagar kunnenta, jama'a na ji.

Bin sawu mafi girma da aka taɓa yi a wannan yanki a daminar 1899 aka yi shi, kuma a ƙasar Tasawa ya ƙare. Faransa ta turo ayarin soja ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, su taso daga bakin kogi su kai tafkin Cadi. Voulet ba baƙon ɓarna ba ne, shi ya ci Wagadugu a 1896. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan sojoji ne baƙar fata, da 'yan dakon da aka kamo da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya. Baki da yawa, guzuri babu. Duk garin da suka sauka dole ya ciyar, ya shayar, ya ba da jagora, wanda ya yi gardama ko ya watse ya bar musu kango kuwa sai wuta. Tun a Janairu suka yi kisa a Sansanin Hausa. A Afrilu suka gamu da Sarauniya a Lugu, inda aka yi musu turjiyar da har yau ake ba da labari. A farkon Mayu suka afka wa Birnin Kwanni, kuma abin da aka yi a can ya wuce a kira shi yaƙi.

Wani hafsa daga cikinsu, Laftanan Peteau, da suka ɓata da Voulet aka sallame shi daga ayarin, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da idonsa ya gani. Wasiƙar ta faɗa hannun 'yan siyasa a Faris. Gwamnati ta umarci Kanar Klobb, wanda ya yi kumandan Tumbutu, ya bi bayansu ya bincika, in maganar gaskiya ce ya karɓe ayarin. Shi wannan Klobb ɗin, lokacin da Voulet ya ratsa ta Tumbutu 'yan watanni kafin nan, har sojoji ya ƙara masa.

Klobb bai sha wahalar neman sawu ba, toka da gawa suka yi masa jagora. Littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum ya tsira, an kuma buga shi daga baya: garuruwa ƙonannu, rijiyoyi da gawarwaki a ciki, ƙananan 'yan mata biyu rataye a reshen itace. Koran Kalgo na cikin garuruwan ƙarshe da masifar ta faɗa wa. Da ya matso ya aika wa Voulet takarda, Voulet ya mayar masa da amsa cewa in ya ƙara taku zai sa a buɗe masa wuta. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi ido huɗu a Ɗankori. Klobb na bisa doki cikin kayan sarki, ya hana nasa sojojin mayar da harbi. Nan aka kashe shi, abokin tafiyarsa Laftanan Meynier ya ji rauni. Voulet ya koma sansani ya shaida wa sauran cewa shi ya daina zama Bafaranshe, daularsa zai kafa a ƙasar baƙar fata. Sojojin da suka ji an ce ba su ba komawa gida sai suka juya bindiga. Ranar 16 ga wata suka harbe Chanoine a Maijirgi, washegari wani mai gadi ya harbe Voulet. Kaburburansu na nan Maijirgi. Ana ma ba da labarin cewa a 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tona su aka tarar ba kowa ciki, abin da ya ƙara wa jita-jita gishiri cewa mutanen ba su mutu ba.

Ko suna ciki ko ba sa ciki, ɓarawo dai ya mutu a daji. Dubi abin da ya biyo baya. Ayarin bai watse ba. Hafsoshin da suka rage suka ja sojojin nan dai suka ci Damagaram ranar 30 ga Yuli, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Suka zarce Cadi, suna cikin waɗanda suka kashe Rabe a Kusuri a Afrilun 1900. Hafsoshi biyu, Joalland da Meynier, da suka ƙarasa da ayarin, duk sun kai muƙamin janar. Ƙasar da aka ƙwace ba a mayar ba. A Faris ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike, majalisa ta ƙi a ƙarshen 1900. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka aka rufe shi a 1902, aka bar mutane da zancen wai zafin ranar Afirka ne ya taɓa wa samarin biyu ƙwaƙwalwa. Abin da ya girgiza Faransa jinin kanar ɗinta ne, ba na mutanen Kwanni ba. Ba a kira mutum ɗaya daga Koran Kalgo an ce faɗi abin da aka yi maka ba. Klobb ya yi jarunta, ban hana shi ba, amma ba mu muka aike shi ba, kuma ba kayanmu ya fito nema ba.

Akwai wani zare da ya haɗa wannan labari da na Yahudawa, wanda ba kasafai ake ambata ba. Mahaifin Chanoine janar ne, ya riƙe ministan yaƙi a 1898, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata kada a sake duba shari'ar Alfred Dreyfus, hafsan nan Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa. Labarin Ɗankori ya isa Faris a Agustan 1899, daidai lokacin da ake sake yi wa Dreyfus shari'a a Rennes. Jaridun da suka kwana suna zagin Yahudawa su ne suka tashi suna nema wa Voulet da Chanoine uzuri, da sunan kare mutuncin soja. Ƙiyayyar da ke tafasa a Turai a wancan zamani ita ce ta tumbatsa a Jamus bayan Hitila ya hau mulki a 1933, har ta ci Yahudawa kimanin miliyan shida.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945 an yi wa manya shari'a a Nuremberg, aka rataye wasu. Amma kisan miliyoyi ba aikin mutum ashirin ba ne, kuma Turai ta wannan shekara burtali ce: miliyoyin mutane a kan hanya, fursunonin yaƙi, 'yan gudun hijira, waɗanda gidajensu suka rushe, ba mai takarda. Makasa suka tuɓe kayan sarki suka saje. Wasu suka samu takardar tafiya ta Red Cross da sunan ƙarya, wasu limaman coci a Rum irin su Bishop Alois Hudal suka yi musu hanya, daga tashar jirgin ruwa ta Genoa sai Ajantina, inda gwamnatin Peron ba ta cika tambaya ba.

Ta nan Adolf Eichmann ya bi a 1950. Shi ne jami'in da ya tsara kwasar Yahudawa a jiragen ƙasa daga sassan Turai zuwa sansanonin kisa, mutumin tebur da alƙalami. A Ajantina ya zama Ricardo Klement, ma'aikaci a kamfanin Mercedes-Benz, yana zaune a wani ɗan gida marar lantarki a Titin Garibaldi, bayan garin Buenos Aires. Ikon Allah, makaho ne ya gano sawunsa. Lothar Hermann, wanda ya taɓa zaman sansanin Dachau kafin ya yi hijira, 'yarsa ta saba da wani saurayi mai amsa sunan Eichmann, mai yawan cika baki kan abin da aka yi wa Yahudawa. Tsohon ya haɗa wannan da wancan, ya rubuta wa Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse a Jamus, a 1957. Bauer bai kai maganar ga hukumomin ƙasarsa ba, don ya san kotuna da ofisoshin 'yan sanda cike suke da tsofaffin 'yan Nazi, kafin a rufe baki an tsegunta wa mutumin. A asirce ya miƙa ta ga Isra'ila. Alƙali ke nan da ya san maigarinsa da ɓarawo suke cin tuwo.

Ranar 11 ga Mayun 1960, da dare, Eichmann ya sauko daga bas yana takawa gida, jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, suka cafke shi suka jefa a mota. Suka ɓoye shi 'yan kwanaki, sa'an nan suka fitar da shi a jirgin sama. Ajantina ta kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya cewa an shigo mata gida ba sallama, Kwamitin Sulhu kuma ya ce tana da gaskiya. A ƙa'ida haka ne. Sai dai an riga an ga yadda sallama ke ƙarewa a wannan ƙofa: Jamus ta nemi a ba ta Josef Mengele, likitan sansanin Auschwitz mai gwaji a kan yara, a 1959, aka yi ta jan ƙafa, shi kuwa tuni ya sulale Paraguwai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba su harbe shi a bakin titi ba, alhali ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da ransa suka kai shi Ƙudus. Aka buɗe shari'a ranar 11 ga Afrilun 1961, aka zaunar da shi cikin akwatin gilashi don kada wani ya ɗauki doka a hannunsa, aka bar shi ya zaɓi lauya Bajamushe, Robert Servatius, gwamnatin Isra'ila ta biya kuɗin. Shaidu fiye da ɗari suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya faɗi sunan garinsu da ranar da aka zo, waccan ta faɗi yadda aka raba ta da ɗanta a bakin jirgi. Da yawansu shekara goma sha shida suna haɗiye maganar, ko 'ya'yansu ba su gaya wa ba, don ba mai son ji. Shi kuma abin da ya riƙe shi ne umarni aka ba shi ya bi. Kotu ta ce bin umarni ba ya wanke wannan. Aka rataye shi a daren ƙarshen Mayun 1962, aka ƙona gawar aka zuba tokar a teku. Ratayar ba ta dawo da ko mutum ɗaya ba. Abin da aka samu shi ne bayanin shaidun nan, a rubuce, a faifai, da tambayoyin lauyan da ya yi ƙoƙarin rushe su bai iya ba. Wannan ne Maijirgi ba ta samu ba.

Yawancin masu bin sawun nan ba gwamnati ba ne, masu kaya ne da kansu. Simon Wiesenthal ya fito daga sansanin Mauthausen ƙashi da fata, ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan ofis a Vienna yana tara takardu da wasiƙu har ya rasu a 2005. Da taimakonsa aka kama Franz Stangl, kumandan sansanin Treblinka, a Birazil a 1967, yana aiki a kamfanin Volkswagen da sunansa na gaskiya. Amma labarin da ya fi kusa da mu, mu da Faransa ta mulka, shi ne na Klaus Barbie, shugaban 'yan sandan asirin Nazi a Lyon. Ranar 6 ga Afrilun 1944 ya sa aka kwashe yara Yahudawa 44 daga wani gidan reno a ƙauyen Izieu, ba wanda ya dawo cikinsu. Bayan yaƙi Faransa na nemansa, ashe sojojin leƙen asirin Amurka sun ɗauke shi aiki, da abin ya yi zafi suka fitar da shi Boliviya da sunan Klaus Altmann. Sai a 1983 Amurka ta amsa ta nemi gafarar Faransa. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, ko da kuwa yana da tuta da ofishin jakadanci.

Mata biyu suka hana maganar kwanciya. Beate Klarsfeld, Bajamushiya da ta auri Bayahuden Faransa, ta tafi La Paz a 1972 tare da Ita Halaunbrenner, dattijuwar da 'ya'yanta mata biyu ke cikin yaran Izieu. Suka ɗaure kansu da sarƙa a benci a gaban ofishin da Barbie ke aiki, suna riƙe da alluna. Sawunmu ya shigo garinku ke nan, ba ƙari. Gwamnatin sojan Boliviya ta toshe kunne, sai da mulki ya canza aka miƙa shi a 1983. Mijin Beate, lauya Serge Klarsfeld, ya tono ainihin takardar wayar tangarahu da aka aika ranar kamen Izieu, da sunan Barbie a ƙasa. Tsagar kunne ta fito. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Lyon a Yulin 1987, ya mutu a kurkuku a 1991.

A wannan shari'a lauyan Barbie, Jacques Vergès, ya zo da lauyoyi biyu, ɗaya daga Kwango ɗaya daga Aljeriya, ya juya maganar kan Faransa: ke da kika yi abin da kika yi a ƙasashen da kika mallaka, da wane baki za ki hukunta wani? Duk Banijar da ya ji wannan sai gabansa ya motsa. A ganina abin da ya faɗa gaskiya ne, inda ya kai ta ne ba wurinta ba. Nuna wani ɓarawo ba ya kwance wanda ke ɗaure, kuma yaran Izieu ba su suka ƙone Kwanni ba. Sai dai tambayar ba ta mutu ba, don bayan shekara goma Faransa ta gurfanar da nata ɗan, Maurice Papon, wanda ya sa hannu aka kwashe Yahudawa fiye da 1,500 daga Bordeaux, ya kuma ci gaba da hawa har ya zama minista. Shi ne shugaban 'yan sandan Faris ranar 17 ga Oktoban 1961, da aka karkashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga aka jefa wasu a kogi. An yanke masa ɗauri a 1998 saboda Bordeaux. Saboda 'yan Aljeriya ba a taɓa ɗaure shi ba.

Sawu kuma yakan yi kama da sawu, shi ya sa ake kifa ƙwarya. John Demjanjuk, ma'aikacin kamfanin mota a Amurka, an yanke masa hukuncin kisa a Ƙudus a 1988 bisa cewa shi ne wani mugun mai gadi na Treblinka, shaidu sun nuna shi da yatsa suna kuka. Da takardun Tarayyar Sobiyet suka fito aka ga alamar wani mutum ne daban, Kotun Ƙolin Isra'ila ta sake shi a 1993. Da taron sanduna ne, da an gama da shi tuni. Daga baya aka same shi da laifin gadi a wani sansanin, Sobibor, kotun Munich ta yanke masa shekara biyar a 2011, ya mutu kafin a saurari ƙarar da ya ɗaukaka. Wannan hukunci ne ya buɗe ƙofar gurfanar da ƙananan ma'aikata, har wata sakatariyar sansanin Stutthof mai shekara 97 a 2022. Wasu na cewa a ƙyale tsofaffi su mutu a gadonsu. Faransa tun 1964, Jamus tun 1979, dokarsu ta ce irin wannan laifi ba ya tsufa, kuma ina tare da su.

Kada dai a ɗauka kullum ranar mai kaya na zuwa. Mengele ya nitse a teku a Birazil a 1979 yana wanka, sai a 1985 aka tono ƙasusuwansa. Alois Brunner, na hannun daman Eichmann, ya tsufa a Dimashƙu, Siriya na cewa ba ta san da shi ba. Waɗanda suka sha sun fi waɗanda aka kama yawa ninkin ba ninkin.

Na san wani mai karatu tun ɗazu yake cewa, to Falasɗinawa fa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin ƙa'idar nan da aka kafa a Nuremberg da Ƙudus: mai ba da umarni da mai bi duk za su amsa, ko wane ne su, ko wa suka kashe. Wanda ya yarda da ita a kan Gaza ba shi da hujjar ƙin ta a kan Auschwitz, haka wanda ya yarda da ita a kan Auschwitz. Maƙwabtanmu na Cadi ma ita suka riƙe. Souleymane Guengueng ya fito daga kurkukun tsohon shugabansu Hissène Habré ya yi ta bi gida-gida yana rubuta sunayen waɗanda aka azabtar da waɗanda suka mutu, yana ɓoye takardun. Da su, da takardun 'yan sandan asirin Habré da aka tarar a zube a tsohon ofishinsu, aka kai ga ɗaurin rai da rai da wata kotun Afirka ta yanke masa a Dakar ranar 30 ga Mayun 2016, shekara ashirin da biyar bayan ya tsere Senegal.

Mu namu makasan sun mutu tun 1899, ba wanda za a zaunar a akwatin gilashi. Amma gwamnatin da ta aiko su tana nan, takardun ayarin suna ma'ajiyarta. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin African Apocalypse na 2020 kuma ya bi hanyar ayarin yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Wasu daga cikin al'ummomin sun kai kuka ga masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2025 Faransa ta amsa cewa ƙofarta a buɗe take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta ce ta yi laifi ba. In ranar tattaunawar ta zo, da me za mu je? Serge Klarsfeld ya buga littafi a 1978 ɗauke da sunayen Yahudawa kusan 76,000 da aka kwashe daga Faransa, kowa da ranar haihuwarsa da lambar jirgin da ya tafi da shi. Mu a littattafan tarihi sunan wanda ya yi kisa da na kanar ɗin da aka kashe ne ke rubuce, namu mutanen kuwa "ɗaruruwa" ne da "dubbai".

Waɗanda suka gani da ido sun tafi, 'ya'yansu ma haka, amma jikokin da suka ji daga bakin kakanni suna nan, kuma kowace shekara raguwa suke. Malaman tarihi na makarantun Tasawa da Mayahi, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, wannan aiki naku ne, kuma wayar da ke aljihunku ta isa. Ku je Koran Kalgo da Ɗankori da Maijirgi, ku tambaya daga Korgom har Kanembakashe ko akwai wanda kakarsa ta ba shi labari. Ku nemi izinin maigari, ku zauna da tsofaffi maza da mata, ku ɗauki murya. Ku rubuta sunan wanda aka kashe da na ubansa, wace rijiya ce aka daina sha, wace zuri'a ce ta watse kuma ina ta sauka, wa aka tafi da ita ba ta dawo ba. Abin da mutum ya ji daga kakansa ku rubuta shi daban da abin da ya ji a rediyo, ku sa kwanan wata da sunan mai ba da labari, ku ajiye kwafi a fada, wani a jami'a.